Wasiƙar Dattijon Paikon Kore

A shekarun da gine-gine ke tashi ko'ina a Abuja, ina aiki a wata ma'aikatar tarayya, ina kuma yin wani aiki a gefe saboda Allah. Wasu matasan injiniyoyi sun haɗa manhajar rubuta Ajami a kwamfuta, suka bar ta a buɗe: kowa ya ɗauka kyauta, wanda ya ga matsala ya faɗa, wanda ya iya gyara ya turo. Ni ban san kan injin ba. Don na iya Ajami aka jawo ni, aka ba ni karanta ƙorafin mutane in rarraba, wannan na gaggawa, wannan ya jira.

Ranar Asabar muke haɗuwa a wani ofis da ke saman shaguna a Wuse. Wata Asabar direban bas ya kawo ambulan daga Paikon Kore. Wani dattijo ne, manomi kuma liman, ya rubuto da tawada, shafi biyu. 'Yarsa malamar makaranta ta sa masa manhajar a kwamfutarta, yana kwafe tarihin gidansu daga takardun mahaifinsa da gara ta fara ci. Ya gaishe mu, ya gai da iyayenmu, ya yi mana addu'a har shafi ya cika. Can ƙasan na biyu ya ce, "Sai dai akwai ɗan abu kaɗan, ba na damuwa ba. Wani lokaci in na adana aiki, sai in ga kamar ya ragu. Wataƙila rashin sanina ne."

Na karanta a fili. Shugaban aikin, wanda a haife na haife shi, ya kwashe da dariya.

"Malam, wannan rahoto ne ko huɗubar Juma'a? Wace irin kwamfuta? Me ya danna? Shi da bakinsa ya ce ba damuwa."

Na ce, "Dattijo ne, haka suke magana."

"To mu ma haka muke aiki. Ranka ya daɗe, sa shi a layi, muna da taro a otal mako mai zuwa."

Na sa shi cikin masu jira. Abin da ke cin raina har yau ke nan, domin na sani. Dattijon da ya jiƙa tawada, ya nemi direba, sannan ya ce ɗan abu kaɗan, abin ya kai masa wuya. Mahaifina ma da ciwon ajali ya kama shi, cewa ya yi ɗan zazzaɓi ne. Amma na ji kunyar dariyar yara, na ɗauki maganar yadda aka rubuta ta. Ko amsa ban aika ba.

Bayan wata huɗu 'yar dattijon ta hau benen da kanta, kwamfuta a jaka. Ba ta zauna ba. Ta gano matsalar, ta rubuto ta daki-daki: in rubutu ya yi tsawo, manhajar kan zubar da sassan tsakiya wajen adanawa, ba ta kuma faɗa.

Shugaban ya duba, ya ce, "Madam, wannan shi ne rahoto! Sai Baba ya sake kwafewa daga takardun."

Ta ce, "Waɗanne takardu? Ya gama aiki ya binne su. Akwai sunan Allah a ciki, sun tsufa, ba ya so su wulaƙanta."

Kafin la'asar suka gyara. A jerin sauye-sauye suka rubuta cewa an magance wata ƙaramar matsala.

Na je Paikon Kore da alƙalami da takarda. Dattijon ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo ruwa, ya ce ba komai, Allah bai nufa ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Muka zauna yana faɗa ina rubutawa, ko za a ceto wani abu. Ya kawo tasowarsu daga kan dutse, ya kawo shekarar da aka haƙa rijiyar farko. Da muka zo kan matar da ta haifi kakansa, wadda gonakin gabas suka fito daga hannunta, sai ya tsaya. Ya rufe ido, leɓɓansa na motsi, yana laluben sunanta. Na riƙe alƙalami ina jira, har aka kira magariba ya tashi ya ja salla.