Irin Tumatir a Bangon Kaka

Duk wanda ya taɓa murza ganyen tumatir ya san warin nan mai kaifi da ke liƙe wa yatsu har sai an sa sabulu. Kullum da safe in na ɗaga labulen rumfar ledata ta noman tumatir a bayan Tudun Wada, shi ke fara tarbata, kuma ba ya kai ni ko'ina sai Furfuri, gidan kakata ta wajen uwa. Daga nan kawuna zai faɗo mini a rai, sai safiyar ta ɓaci.

A wajenmu tumatir kayan rani ne. Da ruwa ya sauka masu lambu suka tashi daga bakin gulbi, sai miya ta koma kuka da kauɗa. Kaka kuwa da damina take noma nata, a wani ɗan fili bayan ɗakinta. Takan kafa sanduna, ta shimfiɗa tsofaffin buhunan taki a sama don kada ruwa ya doke furen, sannan ta zagaye gefe da yagaggen gidan sauro saboda ƙwari. In ka leƙa ciki da hantsi, ɗumi ne zai buge ka, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tumatirin ƙanana ne masu kaurin fata, amma guda kaɗan sun isa su tayar da tukunya.

Ba ta taɓa sayen iri ba. Takan zaɓi waɗanda suka fi jure ruwa, ta bar su su nuna tiɓis, ta matse a ƙwarya, ta cuɗa da toka, ta shafa a bangon ɗakinta ta ciki, can saman gado inda kaji ba sa kaiwa. Nan zai bushe ya yi rani. Da bazara ta ƙarato sai ta hau turmi ta kankare da cokali. Ta ce wajen uwarta ta gaje shi, kuma duk garin babu mai irinsa sai wannan bango.

Kawu shi ne babban ɗanta. Ban san wata sana'a tasa ba in ban da zaman gindin bishiyar bedi da gyaran hula. Duk damina yana da labarin da yake ba 'yan majalisa su yi ta ƙyaƙyata dariya.

"Ku zo ku ga ikon Allah," in ji shi, "Inna ta sa ma tumatur gidan sauro, mu ɗiyanta sauro na cin mu!"

Da azahar kuma shi ne na farko a bakin akushi, yana suɗe miyar har da neman ƙari. Tun ina yaro na raina shi, kuma girma bai rage mini komai ba.

Kaka ta rasu da rani, bayan na koma Gusau da zama, irin shekarar yana nan shafe a bangonta. A lokacin gonakin nesa sun fara gagarar mutane zuwa, kowa na neman abin da zai noma kusa da gida. Sai wata ƙungiya ta zo tana raba rumfar leda ta zamani, da farantin sola da injin ɗaga ruwa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana yi wa rumfar uwarsa dariya, shi ne ya riga kowa shiga layi da babbar riga. Aka ce sai mai fili, ya duba duk gidan bai ga wurin da ya dace ba sai ɗakin Kaka.

Na iso gaisuwa na tarar an yaye rufin, maza sun sa kafaɗa a bango. Na durƙusa na ce, "Kawu, don Allah a dakata in kankare irin Kaka."

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Wane iri? Ƙazantar tsohuwa? An kawo muna iri na Turai, kai kana zancen toka. Ku tura, yara!"

Suka tura. Bangon ya kifa da fuskarsa ta ciki a ƙasa, ya wargaje. Na yi ta tonon ɓaraguzai da hannu ban samu komai ba, kafin la'asar jakuna sun kwashe ƙasar an cike kududdufin bayan gida da ita.

Rumfar tasa ta tsaya kyakkyawa, ya ɗauki hoto a gabanta yana riƙe da fartanya. Damina ɗaya ta yi. Ban ruwa ya yi masa yawa, cire ciyawa kuma ya ce aikin yara ne. Farantin sola ya koma gindin bedi yana cajin wayoyin 'yan majalisa, ledar ta yage, awaki suka samu ɗaki.

Kada ka ɗauka rumfar nake zagi, da irinta nake ci da iyalina yau. Rana ke ɗaga mini ruwa daga rijiya zuwa tanki ba tare da na sayi fetur ba, siririn tiyo yana ɗiga wa kowace shuka a gindinta, kuma a tsakiyar damina 'yan kasuwa daga Tsafe ke zuwa ɗaukar kwanduna. Abin da Kaka ta yi da buhu da gidan sauro ne, an dai yi masa ƙarfe. Iri kawai na rasa. Na cikin fakiti manya ne jawur, amma in ka ajiye 'ya'yansu ka shuka, wani abu dabam suke haifa. Na bi tsofaffin Furfuri da Bungudu har Wonaka ina cigiyar na Kaka, kowace ta ce ta san shi, babu wadda ta ajiye.

Kwanakin baya Kawu ya zo Gusau ganin likita, ya biyo ta wajena. Ya tsufa, amma hular na nan a karkace. Ya shiga rumfar, ya tsinki tumatir ba tambaya, ya gatsa, ya yamutse fuska.

"Wanga ai ruwa na zalla," in ji shi. "Ina ɗan ƙaramin nan na Inna? Shi ya kamata ka shuka."

Na dube shi, na ga da gaske yake tambaya, ya manta sarai. Na ce, "Yana cikin kududdufi, Kawu."

Ya ce ashe, ya ƙarasa cinye na hannunsa. Na cika masa leda na raka shi bakin titi, don ƙanen uwa ko yayanta ba a kora. Da na dawo na tsaya ina kallon rumfar: ga rana tana aiki, ga ruwa yana ɗiga, ga inuwar da Kaka ta yi ta nema da buhunan taki. Komai ya zo daidai, sai abin da za a shuka.