Buhun Riɗin Yaya Isiyaku

Yau shekara tara ke nan da muka rufe yayana Isiyaku a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, kuma wallahi har yanzu in na tuna shi, dariya ce ke riga hawaye zuwa.

Yaya ɗan dako ne. Ya kusa shekara talatin yana saɓa buhunan dawa da riɗi a kasuwar hatsi, har bayansa ya ce ya gaji. Ciwon bai hana shi ci ba, bai hana shi tsokana ba, abu ɗaya ya ƙwace masa, sujada. Shekara huɗu yana salla a kan kujera a ƙarshen sahu, har tabon goshinsa ya goge. Ya sha gaya mini, "Ado, ni mutuwa ba ta dame ni ba. Kar dai in koma ga Allah goshina bai ƙara taɓa ƙasa ba." An yi ƙaho, an sha rubutu, likita ya ba da ƙwayoyi. Shiru kake ji.

Wani tsohon Ba'indiye mai sayar da yadi ne ya gan shi yana tafiya a duƙe kamar mai neman allura, ya ja shi bayan shago ya koya masa yoga. Miƙa ce da lanƙwasa jiki a hankali, da jan numfashi. To, Yaya bai iya yin abu rabi-rabi ba. Ya watsar da tabar leɓe, ya rage sukarin shayi, ya bar cika ciki da tuwon asida kafin kwanciya. Mu a gida muka ce mutumin nan ya fara zarewa.

Matsalar daga shimfiɗa ta taso. Ba'indiyen ya ce a yi a kan abu mai tsabta, a wurin da rana ke fitowa. Mene ne mai tsabta a gidan ɗan dako in ba dardumar salla ba? Sai ga Yaya kullum da safe a tsakar gida, a kan darduma, ya fuskanci rana, ya ɗaga hannu sama, ya duƙa, ya kwanta rub da ciki. Dangar gidanmu kuwa ta kara ce, duk kafofi. Kafin sati biyu unguwa ta ɗauka cewa Isiyaku ya koma bautar rana.

Masu shekaruna sun san wancan zamani, lokacin da kowace unguwa ke da kwamitinta, kuma magana irin wannan ba ta wasa ba ce. Ni tsoro ya kama ni, kunya ma ta kama ni, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Yaya, don girman Allah ka rufa mana asiri ka bari." Ya ce, "Kai dai matsoraci ne tun kana cikin tsumma. Saura kaɗan."

Wata safiya limaminmu, Malam Abakar, ya yi sallama da mutum biyu na kwamiti. Yaya bai yi musu da kowa ba. Ya ce, "Allah gafarta Malam, kai ka san kujerata. Ku ɗan ba ni wuri." Ya juya darduma ta kalli alƙibla, wadda a nan ta karkata wajen arewa, ya durƙusa a hankali, ya kai goshinsa ƙasa. Ya daɗe a haka, muna jin shessheƙarsa. Ni ma ban san lokacin da na fara kuka ba.

Malam Abakar ya yi gyaran murya ya ce, "Ya zol, bawan Allah, abin da ya mayar da kai sujada ba ni zan hana shi ba. Amma darduma ta salla ce. Nemi wani abu ka shimfiɗa, kuma ka ba rana baya." Daga ranar Yaya ya wanke wani buhun riɗi ya farke shi, shi ne shimfiɗarsa har ƙarshen ransa. Kwana goma bayan zuwan 'yan kwamitin sai ga Malam ya dawo shi kaɗai, yana waige-waige, ya rage murya ya ce, "Isiyaku, wannan abin naka, yana yi wa gwiwa?"

Yanzu ina ganin matasa suna koyon abin a waya, a kan tabarmar roba mai launi. Da Yaya zai leƙo, na san sai ya tambayi kuɗinta, ya riƙe baki, sannan ya gyara musu tsayuwa ko ba su tambaye shi ba. Buhun yana hannuna. Ni da na roƙe shi ya bari, ni ne ke shimfiɗa shi kowace safiya, ina ba rana baya, kuma har yau ban nemi kujera a masallaci ba.

Yaya ya yi shekara goma sha ɗaya yana salla a tsakiyar sahu kafin zazzaɓi ya ɗauke shi. Bai bar gona ba, bai bar shago ba. Amma ni na yi masa wanka, ni na shafa fuskarsa, na ga tabon nan ya dawo, baƙi ƙirin a tsakiyar goshi. Allah ya jiƙanka, Yaya. Abin da ka roƙa, an ba ka.