Lofen da Ke Cikin Bangon Malam

Shekarun baya, wata damina mai nacin ruwa ta kayar da bangon ɗakin kakana a unguwar Limancin Kona, gidan da aka haifi mahaifiyata. Shi kakan nawa ya daɗe da rasuwa. Malamin zaure ne, irin waɗanda ko tari suka yi sai ɗalibai sun ce akwai hikima a ciki. Har yau in aka ce Malam a danginmu, shi ake nufi.

Da muka taru kwashe ƙasa, ni na ci karo da wani alkuki, ɗan gurbin ajiya a jikin bango, da aka liƙe bakinsa da laka. A ciki akwai ɗan ƙunshin tsumma. Na ce a raina shi ke nan, kakata ta yanke saƙa, ko zinariya ce ko wata laya mai tarihi. Ina warwarewa sai ga lofe, wato tukunyar shan taba, ɗan ƙarami, baƙi wuluk, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Karan da ake zuƙa da shi ya ruɓe, kan ne kawai ya rage. Na cusa shi aljihu kafin kawunnaina su waigo.

Da na nuna wa mahaifiyata, sai ta ja da baya kamar na miƙo mata kunama.

"A ɗakin Malam ka same shi?"

"A cikin bango ma, Inna."

"Malam da ko goro ba ya ci a gaban ɗalibai?" Ta kau da kai ta ce, "Kai shi masai ka jefa. Kada in ji wannan magana a bakin kowa."

Daga ranar ta daina ba mu labarin Malam, ita da ba ta iya gama tuƙa tuwo ba ta ambace shi ba. Na gane abin da ke cin ta. Tana tsoron mutumin da ta ɗauka ta sani ciki da waje ya kasance yana kulle ƙofa yana busa hayaƙi. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Sai na roƙe ta ta ɗan saurara mini. Na ce in na gano da me aka yi lofen, zan gano daga inda ya fito, wataƙila ma tsaraba ce wani baƙo ya kawo masa ya rasa yadda zai yi da ita.

To, ni da ma ba a rasa ni wajen mafarkin ido biyu. Da la'asar sai in hau ragowar ganuwa in zauna, in ɗaga lofen saitin rana. Akwai wasu ƙananan ɗigo-ɗigo a jikinsa masu ƙyalli, sai in yi ta kallonsu har birnin ya ɓace mini. In ga ayarin raƙuma yana shigowa ta ƙofar gari, in ga wani Balaraben falke ya durƙusa a zaure yana cewa, "Malam, hauren giwa ne, tsufa ya mai da shi baƙi." Wani yammacin kuma in mai da shi ƙahon ɓauna, in yi masa maharbi da daji da komai. Har ƙamshin turaren fataken nake ji, alhali awakin unguwa ne kewaye da ni.

Abokina tela shi ya sauko da ni ƙasa. Ya ce, "Kai dai kawo. In ƙaho ne ko ƙashi, allura za ta faɗa mana." Ya gasa allura ta yi ja, ya dangwala a gindin lofen, muka kai hanci muna jiran ƙaurin babbaka. Shiru. Ba ƙauri, ba hayaƙi, ko tabo bai yi ba.

"Ba ƙaho ba ne, ba itace ba ne," in ji shi.

"To mene ne?"

"Nan kuma ilimin allura ya ƙare."

Mutum ɗaya ta rage da ta san Malam tun yana saurayi, ƙanwarsa, wadda duk muke kira Gwaggo. Tana unguwar Kwarbai, tsufa ya cinye mata ido. Na ce wa mahaifiyata mu je wurinta. Ta ƙi, ta ƙi, daga baya ta yafa mayafi ta ce gara ta ji da kunnenta.

Gwaggo na jin muryata ta ce, "A'a, mijin nawa ne yau? Ko cefane babu?"

"Ga cefanen," na ce, na sa mata lofen a tafin hannu.

Ta shafa shi, ta ƙwanƙwasa a haƙorinta, ta ɗan taɓa harshe a inda ya guntule. Sai dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

"Gwaggo, hauren giwa ne, ko?"

"Giwar gidanku. Yumɓu ne, ba ka ji yana kama harshe ba? Baƙin nan kuwa makuba ce, ruwan ɓawon ɗorawa da ake yayyafa wa tukunya tana fitowa daga wuta." Ta juya inda take jin numfashin mahaifiyata. "Ke, matso. Wannan ai na uwarki ne."

Mahaifiyata ba ta san uwa ba, uwar ta rasu tun tana wankan jegon haihuwarta. Abin da kawai aka taɓa faɗa mata shi ne 'yar ƙauye ce. Ranar Gwaggo ta ƙarasa sauran. Ta ce garin su marigayiyar na bayan dutsen Kufena, matan wurin maginan tukwane ne, kuma kowace mace da ragowar yumɓun aikinta take gina wa kanta lofe. Da aka kawo ta birni gidan malamai, ba wanda ya ce mata uffan a kan shan tabar. Ita da kanta ta miƙa masa lofen ta ce, "Malam, riƙe mini, kada in ba ka kunya."

"Ba ta ƙara sha ba?" mahaifiyata ta tambaya.

"Taba kam ba ta ƙara ba. Amma da cikinki ya tsufa, kwaɗayi ya taso mata, har kuka take yi. Sai Yaya ya tura ƙofa, ya ɗauko shi ba komai a ciki, ya ɗiga masa ruwa ya ba ta. Tana tsotsar ƙamshin ƙasar garinsu, shi yana karatunsa. Ni na leƙa na gani. Da ta rasu na nemi abin nan na rasa. Ashe bango ya ba ajiya."

Mahaifiyata ta miƙa hannu, karon farko da ta taɓa shi. Ta tsoma yatsa a kofin ruwan Gwaggo ta ɗiga a ciki. Wani ƙamshi ya taso, irin na sabuwar randa. Ta riƙe shi a hanci ta lumshe ido. Can ta ce, a hankali, "Ashe ni ce nake sa ta nema."

Na yi kuka a ranar, ba zan ɓoye muku ba. Na so a ce abin daga nesa ya zo, mai tsada, don in wanke Malam, ashe bai taɓa buƙatar wankina ba. Abin da har yau yake tsaya mini a rai shi ne, saura ƙiris mace ta jefa abu ɗaya tilo da ya rage na uwarta a masai, don ta kare mutuncin mutumin da ya ɓoye mata shi.

Gwaggo ta riga mu gidan gaskiya. Mahaifiyata na nan, ta tsufa, kuma labarin Malam ya dawo bakinta har ya fi da. Bambancin kawai, yanzu in ta fara ba ta cewa "Malam" shi kaɗai. Sai ta ce, "Malam da Innata."