Binciken da Aka Yi Mini Kafin a Ba Ni Yara

Ni mutum ne mai saurin fushi, gara in faɗa da bakina. Shekarar da na kama ɗaki a Gyadi-Gyadi, kullum bayan la'asar sai in tsaya bakin filin unguwa ina kallon yara suna ƙwallo babu mai koya musu. Kowa bin ƙwallon yake, har gola. Abin ya riƙa cin raina, don na taɓa koyar da wasanni a wata makarantar kuɗi a Hotoro. Wallahi babu abin da nake so kamar in sake riƙe usur.

Aka ce sai na nemi izinin shugaban iyayen yaran, wani tsohon magatakardan kotu da kowa ke kira Baba. Na je na zuba masa tarihina, ina jiran ya ce bisimilla.

Ya ce, "Ka ba ni mako biyu in bincika."

Na ce, "Haba Baba! Ni fa ba aure na zo nema ba."

Ya ce, "Mai neman aure 'ya ɗaya yake nema, kuma har kakansa muke tambaya. Kai 'ya'yan unguwa guda kake so."

Yadda ake binciken mai neman aure, haka ya yi mini. Ya je wurin mai gidan da nake haya. Ya zauna teburin mai shayin da nake karyawa. Ya shiga kasuwar Tarauni, inda nake sayar da kayan waya, ya tambayi maƙwabtan shagona. Kunya da haushi suka ishe ni, har na daina gaishe shi. Abin da na dogara da shi kawai, dattijo mai ciwon gwiwa ba zai hau adaidaita har Hotoro ba.

Ashe ya je. Ya same ni a shago ya ce, "Me ya raba ka da makarantar nan?"

Na yi niyyar ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce wani yaro ne ɗan shekara goma ya yi mini dariya a fili, na kwaɗa masa mari, aka sallame ni. Shekara bakwai ke nan, ya wuce.

"Ka je ka ba su haƙuri?"

Na ce, "Ban je ba."

Ya ce, "To bai wuce ba. Rufe shagon."

Har da kwatancen gidan su yaron ya samo, a Darmanawa. Uwar yaron ta amsa sallamarmu daga bayan labule, ta turo shi. Ya zama saurayi, ya fi ni tsawo. Muka zauna a tabarma a soro, ni ina gefensa na hagu. Na fara ba shi haƙuri ƙasa-ƙasa, ina ta kame-kame. Sai ya ce, "Malam, don Allah dawo ta nan gefen. Wannan kunnen ba ya ji sosai tun lokacin."

Innalillahi. Ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Na tashi na zagaya, na sake faɗa daga farko, ina kuka kamar ƙaramin yaro.

Baba ya bari na gama, sannan ya gaya masa abin da nake nema. Ya ce, "Kai ka san shi fiye da mu duka. A ba shi ko a hana?"

Na riga na cire rai, kuma ban ga laifinsa ba. Can yaron ya ce, "Ya iya koyarwa, Baba. Ku ba shi. Amma kada ku bar shi da su shi kaɗai."

Haka aka rubuta, na sa hannu. Har yau ba na hura usur sai babban mutum ɗaya daga cikin iyaye yana zaune a bakin fili. Wata rana tela ne, wata rana wata nas 'yar kudu da ɗanta ke tsare mana gida. Da a da ne, da na ce raini ne. Yanzu Allah Ya sani ina gode wa dattijon nan da gwiwarsa, ina gode wa yaron da ya faɗi gaskiyata duka biyun. Sau biyu raina ya ɓaci a fili har hannuna ya motsa, na waiga na ga ana kallona, na mayar da shi aljihu.

Ni nake ɗauko wa iyayen bencin zama da kaina.