Tabon Wuta a Cikin Ɗana

Bayan suna ne idanun ɗana suka koma rawaya. A unguwar Mansur ta Makka muke zaune lokacin, ƙofarmu na kallon ta wata tsohuwa 'yar Somaliya da kowa ke kira Khala. Ita ta yi min wankan jego, ita ke turara min ɗaki da lubban, don uwata na Sakkwato.

Tana ganinsa ta ce shawara ce, a garinsu da wuta ake korarta. Ta sa bakin tsinken itace a garwashi, ta ɗiga masa a ciki, wuri uku. Ni na riƙe ƙafafunsa, ina kuka yana kuka. Tana gamawa ta ce, "Yalla, ya binti, ɗauki abayarki. Na yi nawa, saura na mustashfa."

Asibiti take nufi. Da muka je, daktura, likitar da ta karɓe mu, na ɗaga rigarsa fuskarta ta canza.

"Wa ya ƙona yaron nan?"

Wayyo ni! Iƙamar Khala, takardarta ta izinin zama, ta daɗe da mutuwa, ga shi a shekarar ana ta kame. In na ambace ta, jirgi za a sa ta zuwa ƙasarsu, inda ba ta da kowa.

Na ce, "Ni ce."

"Ke? Uwarsa? Haram alaiki!"

Ta kira nas-nas su zo su gani. Suka kewaye gadon, suna duban cikinsa suna dubana. Wata Bahaushiya haifaffiyar Makka a cikinsu ta yi tsaki, ta ce da Hausarta mai karyewa, "Ku ne kuke ja mana zagi." Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Aka kwantar da shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, idanunsa a ɗaure. Rawayar ta soma janyewa, alhamdulillahi. Khala ta riƙa aiko min da kunu, tana gaya wa maƙwabta wutarta da fitilarsu ne suka haɗu suka yi aiki. Ban taɓa faɗa mata abin da aka yi ba.

Amma duk zamanmu a asibitin, in zan ba shi nono sai an kira nas ta tsaya a kaina. Ba su taɓa barina ni kaɗai da ɗana ba.