Jirgin da Aka Auna da Kara

Jama'a, abin da zan gaya muku ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma Allah shi ne shaidata. Lokacin da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori, ni kafinta ne. Daga Bakura na taso, na yi aikin buga katakon zuba siminti, da aikin ya yi sauƙi sai na kafa rumfata a Maradun, kusa da inda aka zaunar da mutanen da ruwa ya ci garuruwansu, ina yi musu ƙofofi da tagogi.

A cikinsu akwai wani tsoho, Baba Nomau. Manomi ne, amma ruwa ya shanye gonarsa da gidansa da maƙabartar da matarsa da 'ya'yansa maza biyu suke kwance. Abin da ya rage masa 'yarsa ce, Kulu. Kullum da hantsi sai ya zo rumfata ya zauna, ba don komai ba sai don rediyona, ba ya magana, ba ya ƙorafi.

Wata rana aka ba da labarin wani Bature da ya ƙera ɗan ƙaramin jirgin ruwa da hannunsa, ya shiga shi kaɗai, ya yi ta tafiya a teku har ya zagaye duniya, ya dawo tashar da ya bari. Sai na ga tsohon ya gyara zama.

Ya ce, "Kafinta, mi wanga yac ce? Bai juyo ba, amma yad dawo gida?"

Na ce, "Haka ne, Baba. Duniya kamar lemo take. In ka miƙe ba ka juya ba, inda ka baro nan za ka iske."

"Ko wane wuri ne?"

Na ce ko wane wuri ne. Wallahi da alfahari na faɗa, irin na mai sauraron rediyo. Har yau wannan amsar tana damuna.

Bayan kwana biyu sai ga shi da karan dawa guda ɗaya, an yanke shi tsaf. Ya ce in yi masa jirgi, ga tsawon cikinsa. Na yi dariya, na ce, "Haba Baba, wannan ai akushi ne ba jirgi ba, bari in ƙara kamu biyu." Ya ce kada in ƙara ko ɗan yatsa, shi kaɗai zai shiga. Na tambaye shi ina zai je, ya ce zagayen duniya, sai muka yi dariya tare, ni a zatona kamun kifi zai koya, tunda noma ya ƙare masa.

Na yi aikin da kyau, ba yabon kai ba. Na toshe tsagogin da auduga da kwalta, a goshin jirgin kuma inda katako ya ɗan tsage na lika murfin gwangwanin madara da ƙusa uku, ɗaya ta lanƙwashe na bar ta haka. Ranar wata Alhamis da safe na taya shi kai jirgin bakin ruwa. Ya ɗauki buta da ɗan ƙunshin gari, ya yi bisimilla, ya ce, "Ka yahe min, kafinta." Ya nufi yamma, ina kallo har ya zama ɗigo.

Bai dawo ba. Masunta sun yi kwanaki suna nema, babu jirgi, babu gawa, babu ko filafili. Kuma ku sani, bangon madatsar ya tare gulbin, babu hanyar da jirgi zai bi ya fita.

Rana ta huɗu Kulu ta zo rumfata. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Idonta ne ya faɗa kan karan nan da na jingine a bango, ta ɗauka, ta tsayar da shi a gabanta, ta daɗe tana dubansa. Ta ce, "Wanga tsawon Baba na. Malam kafinta, kai ba ka taɓa zuwa jana'iza ba?"

Innalillahi! Ni da na sha riƙe kara ana auna mamaci don a haƙa masa kabari daidai da shi, amma aka kawo mini shi har rumfa ban gane ba. Kulu ta tafi da karan. Babu gawa, babu salla, babu kabarin da za ta nuna wa 'ya'yanta.

Shekaru suka wuce, har na fara furfura. Wata bazara ruwa ya ja baya sosai, har ƙololuwar busasshiyar tsamiyar da ke bakin maƙabartar ƙauyen su Baba Nomau ta leƙo sama. Ina bakin ruwa ina gyara wa wani masunci jirgi, rana tsaka, idona biyu, sai na hango ɗan jirgi yana tahowa daga gabas, babu kowa a ciki, kuma iska ba daga can take kaɗawa ba. Ya zo a hankali har ya taɓa gwiwata. Na duba goshinsa, ga murfin gwangwani, ga ƙusa uku, ɗaya a lanƙwashe.

Katakon ya yi fari fat. Gindinsa duk wasu ƙananan ƙwansuna ne sun manne kamar haƙora, irin waɗanda ban taɓa gani a ruwanmu ba. A ciki ga butar nan, an kife ta da kyau. Na shafa farin abin da ke jikin katakon na kai baki. Gishiri ne, jama'a. Ruwan Bakolori kuwa ba shi da gishiri.

Na sake shi. Ya juya da kansa ya nufi tsamiyar, ya tsaya dab da ita, sannan ya nutse a miƙe, ko kumfa bai yi ba.

Na hau mota na je na sami Kulu a gidan aurenta a Talata Mafara, na gaya mata duka, ina jiran ta ce na zautu. Ta ce, "Daga gabas kac ce?" Na ce daga gabas. Ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "To, ya isa gida." Ta shiga ɗaki ta fito da karan, ya bushe ya yi baƙi, ta ce in kai shi ruwa, kusa da tsamiyar. Na kai.

Ban san inda jirgin nan ya je ba, kuma na daina tambayar malamai. Amma tun ranar ban sake ƙera jirgi ba. Ku kuma, in wanda ya rasa komai ya yi muku tambaya, ku dubi fuskarsa kafin ku amsa, ku dubi abin da ya riƙo a hannu. Allah ya jiƙan Baba Nomau, duk inda ya biyo.