Igiyar Rekiya

"Ni dai na faɗa maka, ba zan sake riƙe wannan ruɓaɓɓiyar igiyar ba," in ji Ɗantala. "In kabari kake so, ga maƙabarta can bayan gari. Ba sai ka ɓata wa mutane ruwan sha ba."

Ilu ya ci gaba da naɗe igiyar a hannunsa. "Raggo. Tun muna yara haka kake, ko kwaɗo ya yi tsalle sai ka yi salati."

A ƙofar gidan Ilu muke zaune, ni maƙwabcinsa da su biyu, a Zoza, cikin bazarar 1994. Su biyun taubasai ne, shekara ashirin suna aiki tare. Ilu ne mai shiga rijiya ya haƙa ko ya yashe, Ɗantala kuma yana sama riƙe da igiyar da ke ɗaure a ƙugun Ilu. Daga Rogo har Ƙaraye, duk rijiyar da ta gagari wasu, Ilu ake aika wa.

Igiyar kuwa, matarsa Rekiya ce ta tufka masa ita da bawon rama, a damunarta ta ƙarshe. Tana tari tana tufka, ya hana ta, ta ƙi. Ta ce ba za ta bar ran mijinta a hannun igiyar kasuwa ba. Shekara bakwai ke nan da rasuwarta. Igiyar ta yi baƙi, ta zaizaye, ƙulli uku ne a jikinta inda ta taɓa tsinkewa.

Tun daga lokacin Ilu ya sauya. Da can sai ya zura fitila a rijiya, in ta mutu ya fasa shiga. Yanzu fitilar ma ya daina ɗauka. Ya taɓa gaya mini cewa in ya kai ƙasa, igiyar ta matse masa ƙugu, ji yake kamar ita ce ta riƙe shi, har ba ya son a jawo shi.

"Jiya a Beli ina jin ta tana tsattsagewa a tafina," in ji Ɗantala. Wannan karon babu wasa a muryarsa. "Kai za ka tafi wurin matarka, ni a bar ni da sunan wanda ya saki taubashinsa."

"Ajali ba ya cikin igiya."

"Haka ne. Amma Rekiya don ka fito ta tufka ta, ba don ka bi ta ba."

Ilu ya daɗe yana murza ɗaya daga cikin ƙullin da babban yatsansa. Ɗantala ya zaro sabuwar igiya daga buhu, ya jefa a gabansa.

"Ba zan ajiye tata ba," in ji Ilu. "Ko Hakimi ne ya ce."

"Wa ya ce ka ajiye? Ɗaura biyu."

Ilu ya taɓa sabuwar da ƙafa. "To. Amma tata ce a ciki, a jikin fatata. Taka ta hau sama, ta jira."

"Ta jira. Fitila fa?"

"Kai ka ɗauka, tunda kai ne mai tsoro."

Ya saɓa igiyar Rekiya a kafaɗa, ya ɗauki dagi, ya nufi hanyar Kafin Dafga inda wata rijiya ta ƙafe. Ɗantala ya kwashi sauran kayan ya bi shi yana mita.